Amanar Saudatu

Ku ukun nan, Sadiya da Nasiru da Ummi, kuna wurin ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki. Kun ji abin da aka yi ta faɗa a lasifika, wai ni ce na raya ofishin ba da shawara a makarantar 'yan matan nan, wai 'ya'yan mutane sun samu uwa a wurina. Na hango Ummi tana share hawayen daɗi. Ni kuwa ina zaune a kujerar da aka lulluɓe da farin yadi, ban ji daɗin ko kalma ɗaya ba, domin akwai yarinya ɗaya da ba wanda ya ambata a ranar, kuma duk wani abin kirki da na yi a ofishin nan, sai bayan na cuce ta na koye shi. Mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya, kakarku Iya ma haka, idona kuma ya fara gajiya da takarda. In ban rubuta ba, labarin lasifika ne zai zame muku gaskiya. Zan kira ta Saudatu. Ba sunanta ba ne, kada kuma ku tambaye ni na ainihin.

Lokacin da na fara koyarwa babu wani abu wai shi malamin shawara. Yarinya ta yi laifi, akwai bulala. Ta yi zazzaɓi, akwai mai kula da ɗakunan kwana da ƙwayoyinta biyu. Ta cika kuka ko ta daina cin abinci, a ce kewar gida ce, za ta saba. Mu da muka tashi a Ƙofa, damuwar yaro ta kakarsa ce ko ta gwaggonsa, su ja shi ɗaki su ji cikinsa. Sai ga shi an kwashi yara an kai makarantar kwana, an raba su da kakanni, ba a kuma tanadi wanda zai maye gurbinsu ba. Wata shekara takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi cewa kowace makaranta ta ware malami guda don bai wa ɗalibai shawara. Shugabar makarantarmu, wadda kowa ke kira Hajiya, ta duba jadawali ta ga ni ce mai ƙarancin darussa, saboda ina goyon Nasiru. Abin da ya sa aka zaɓe ni ke nan, ba wata baiwa ba. Aka tura mu Kano kwas na mako biyu. Yawancinsa a kan yadda za a raba yara ne tsakanin ajin kimiyya da na adabi, da yadda ake cike takardun neman shiga manyan makarantu. Rana ɗaya tak aka bai wa wani dattijo ya yi mana magana a kan yaron da ke cikin damuwa. Ya ce mu yawaita saurare mu rage magana, kuma abin da yaro ya faɗa a ofis, a ofis yake kwana. Na rubuta a littafina, na ja layi a ƙarƙashi, na dawo ina jin na ƙware.

Aka ba ni wani tsohon sito kusa da madafa, inda ake tara karyayyun tebura. Na share, na sa labule, na nemo kujeru biyu. Shekara biyu ina zaune a nan, aikina cike takardu. Ba yarinyar da ta taɓa zuwa mini da abin da ke ranta, don a wurinsu duk ɗakin da malami ke kiran mutum ɗakin hukunci ne. 'Yan'uwana malamai suka sa masa suna ofishin hutu. In na shiga ɗakin malamai sai wani ya ce, ga mai shawara ta fito shan iska. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina.

A lokacin muna zaune a Tiga, a gidajen ma'aikatan madatsar ruwa, inda mahaifinku yake aiki. Makarantar tana ɓangaren Kiru, kullum sai ya kai ni bakin titi a babur in hau mota. A dogon hutun wata damina, ruwa ya cika ya batse, aka yi rashi a unguwar masunta. 'Yan mata biyu, yaya da ƙanwa, uwarsu ta aike su kai wa mahaifinsu abinci a tsallaken wani reshen ruwa. Suka shiga ƙaramin kwalekwale kamar yadda suka saba, iska ta taso, ya kife. Babbar ta fito, ƙaramar, Uwani, mai shekara bakwai, sai washegari aka samo ta. Mahaifinku na cikin waɗanda suka yi neman. Babbar ita ce Saudatu, ɗalibarmu ce, shekararta goma sha biyar, yarinya mai kaifin kai a lissafi. Na je gaisuwa. Na same ta a ƙuryar ɗaki ta juya wa mutane baya, ta ja hijabi har haɓa. Na ce mata sai haƙuri, ta ce na gode, Malama. Ban sake tunaninta ba har aka koma makaranta.

A mako na uku da komawa, ana tsaye a filin taron safe, sai Saudatu ta dafe wuyanta da hannu biyu ta yanke jiki ta faɗi. Tana shure-shure, idonta a buɗe, tana jan numfashi kamar wadda ake shaƙewa. Aka yayyafa mata ruwa, sai abin ya ƙaru. Bayan kwana biyu ta sake faɗuwa a aji, wannan karon mai zama kusa da ita ma ta bi ta. Kafin mako biyu abin ya mamaye ɗakin kwanansu. Wannan ta faɗi, waccan ta ƙwala ihu, wata ta ce ta ga mace da jiƙaƙƙen gashi a bakin famfo. Maganar da ta bazu ita ce Saudatu ta taho da mutanen ruwa daga Tiga, sun karɓi ƙanwarta, ba su ƙoshi ba. Aka ɗauko malami ya yi ruƙiyya. Ba zan raina wannan ba, domin na ga yaran da karatun ya kwantar wa hankali suka samu barci. Amma faɗuwa ba ta tsaya ba. Iyaye suka fara zuwa daga Tudun Wada da Bebeji, wasu har daga Doguwa, kowa na cewa a ba shi 'yarsa.

Ni dai na lura da abu ɗaya: sauran yaran suna faɗuwa ne idan sun ga wata ta faɗi, ita kuwa Saudatu kullum wuyanta take kamawa. Na aika aka kira mini ita. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran hukunci. Na ce ta zauna, na ci gaba da gyaran takarduna, na tura mata dafaffiyar gyaɗa a faranti. Ranar ba ta ce komai ba, haka washegari, haka rana ta uku. Ta zo ta zauna rabin sa'a, ta tashi. A rana ta huɗu, bayan azahar, masu girki sun tafi salla, wurin ya yi tsit, sai ta ɗago kai.

"Malama, idan na faɗa miki wani abu, wa zai ji?"

"Babu kowa. Daga ni sai ke sai Allah."

"Ki rantse."

Na rantse mata da Allah, ban ko tsaya tunani ba. Sai ta fara magana, muryarta a ƙasa, idonta a kan farantin gyaɗa.

"Ba ruwa ne ya ƙwace ta ba. Da jirgin ya kife, sai ta kama wuyana da hannu biyu. Muka nutse, muka taso, muka sake nutsewa. Na kasa numfashi. Sai na kama yatsunta na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Tana kallona, Malama. Ni na sake ta. A gida na ce musu ruwa ne ya fizge ta."

Babu abin da aka koya mini a Kano da ya zo mini a kai. Na tashi na rungume ta, muka yi kuka tare. Da ta lafa na ce mata wanda ruwa ya rufe ba shi ke da iko da hannunsa ba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Ban san ko ta yarda ba. Abin da na sani shi ne daga ranar ta yi kwana tara ba ta faɗi ba. Tana zuwa kullum, wata rana ta ba ni labarin Uwani, yadda take tsoron kaji, yadda take kiran kifi da sunayen mutane. Ta fara cin abinci. Amma sauran yaran ba su daina ba, kuma iyaye sun riga sun yanke cewa ita ce tushen abin. Hajiya ta kira taron malamai da wakilan iyaye ranar Litinin, kowa kuma ya san abin da za a zartar.

Ranar Juma'a da la'asar ina zaune a tsakar gida na kasa taɓa abinci. Iya tana ɓare gyaɗa a tabarma, mahaifinku yana wanke babur. Ya tambaye ni abin da ke damuna. Na ce a raina ai in ban faɗi suna ba ban karya alkawari ba, na ba su labarin wata yarinya. Ban kai ƙarshe ba ya ajiye tsumman hannunsa.

"'Yar masuncin nan ce. Inna lillahi."

Sannan ya ce, "Habiba, idan kika kama bakinki korar ta za su yi, a liƙa mata sunan mai iskoki har ta mutu. Karatunta ya tafi ke nan. Ki faɗa musu. Manya ne, iyaye ne, za su gane. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Iya ba ta ɗago daga gyaɗarta ba.

"Kin rantse mata?"

"Na rantse, Iya."

"To me ya kawo maganar tsakar gidan nan? Ai tun yanzu kin karya rabi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, 'yar nan. A kore ta da zanenta a jikinta ya fi a bar ta ta zauna tsirara."

"Iya," in ji mahaifinku, "wannan aikin makaranta ne, akwai iliminsa."

"Ban san boko ba," ta ce, "amma na san mutane."

Na kwana biyu ina juya maganganun nan. Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata a cikinmu, kuma ita ce mafi sauƙi. Daga ofishina zuwa ɗakin kwanansu taku kaɗan ne. Da na je ranar Litinin da safe na ce, Saudatu, ga abin da ake shirin yi, me kika yarda in faɗa, me ba ki yarda ba? Ban je ba. Ban ɗauka yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana da ta cewa a kan maganarta ba.

A taron, shugaban iyaye wani Alhaji ne manomin masara daga Tudun Wada. Ba mugu ba ne, 'yarsa na cikin masu faɗuwa, tsoro ne ya cika shi. Ya ce ba su da gaba da yarinyar, amma a mayar da ita gida a nema mata magani, sauran su samu lafiya. Na nemi izini na tashi. Na ce abin da ke damun Saudatu baƙin ciki ne, na ce ta kwana tara ba ta faɗi ba, na ce sauran yaran tsoro ne ke kayar da su, a ba ni wata guda.

"Malama," in ji Alhajin, "wane ne a ɗakin nan bai taɓa rashi ba? Ni na binne 'ya'ya biyu. Uwarsu ba ta faɗi tana shure-shure ba. Me ya bambanta wannan?"

Wani malami daga baya ya ce a hankali, yadda zan ji, "Ofishin hutu ya samu aiki." Aka ɗan yi dariya. Hajiya ta buga tebur ta dube ni.

"Malama Habiba, in kina da hujja ki faɗa. In babu, gobe ta tafi."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayinta ne ya buɗe bakina. Akwai tausayi, ban musa ba. Amma yau da nake rubuta muku, na san dariyar nan ma ta tura ni. Ina so su ga cewa siton nan da suke raina ya gano abin da duk suka kasa ganowa. Na faɗa. Na faɗi wuyan, na faɗi yatsun, ban rage komai ba. Alhajin ya cire hula ya riƙe yana salati. Hajiya ta ce maganar nan kada ta fita daga ɗakin nan, kowa ya ce haka ne. Aka yanke Saudatu ta zauna. Na koma gida ranar ina jin na ci nasara, mahaifinku ya ce ai ya faɗa mini. Iya ta dube mu, ta shige ɗakinta.

Magana zarar bunu ce. Kowane malami yana da mata ko miji, kowane wakili yana da 'ya a makarantar. Ranar Alhamis, a ɗakin cin abinci, 'yan teburinsu suka janye kwanoninsu suka bar ta ita kaɗai. Wata ta ɗaga hannu tana buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yi dariya, wasu suka gudu. Da labari ya iso ni na tafi ɗakin kwanansu da sauri. Na same ta zaune a bakin gado, ta riga ta ɗaure akwatinta. Ba ta kuka. Ta gaishe ni kamar kullum, har da rusunawa.

"Saudatu, don kada a kore ki na yi."

"Da kin bari an kore ni, Malama."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Duk abin da na ƙara faɗa, sai ta ce to.

Ranar Asabar mahaifinta ya zo a keke, tun daga Tiga, wandonsa duk laka. Aka rako shi ofishina. Muka gaisa, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce maganar ta iso unguwarsu jiya, mata sun kai wa uwar yaran a wurin daka. Na fara yi masa bayani da sauri, cewa kada ya ga laifinta, duk wanda ruwa ya rufe haka zai yi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Malama, a cikin ruwa aka haife ni, ba sai kin gaya mini ba. Ni na ɗauko ta a bakin gaɓa ranar. Na ga shatin farce a wuyanta, na san abin da ya faru tun kafin ta buɗe baki. Ni na ce ta riƙa jan hijabi har ya warke. Na yi shiru ne saboda uwarta. Mace ta rasa 'ya ɗaya, na ce kada ta rasa biyu. Wata uku ina riƙe da maganar nan, ko ita yarinyar ban nuna mata na sani ba. Ke kwana nawa kika riƙe?"

Ya miƙe ya ce Allah ya saka da alheri a kan niyya, ya nemi a fito masa da 'yarsa. Na tsaya a bakin sito ina kallo ya ɗaure akwatin a bayan keke, yana turawa, tana biye da shi a ƙasa, har suka fita ƙofar makaranta.

Bayan tafiyarta da kamar mako uku faɗuwa ta tsaya, kamar yadda irin wannan abu yake tsayawa da kansa in tsoro ya lafa. Kowa ya ce ai ga shi nan, da ma ita ce. Ke nan ta tafi da suna biyu, mai iskoki da kuma wadda ta saki ƙanwarta, na biyun ni na ba ta. A gida uwarta ba ta zage ta ba, ba ta doke ta ba. Ta dai kasa cin abincin da Saudatu ta dafa, in ta shigo ɗaki sai ta fita. Da abin ya yi tsawo, mahaifin ya kai ta wurin 'yar'uwarsa a wani ƙauye a Doguwa. Ba ta sake shiga aji ba.

An gaya muku mun bar Tiga mun koma Ƙofa ne saboda ciwon ƙafar Iya. Ba haka ba ne. Hanyar da mahaifinku ke bi ya kai ni titi ta ƙofar gidan masuncin nan take wucewa, kullum safiya sai na ga uwar tana shara, ta ɗago ta dube ni. Na kasa jure wannan kallon. Mahaifinku ya bar gidan gwamnati, ya yi sauran shekarun aikinsa yana zirga-zirga a babur, rani da damina, bai taɓa yi mini gori ba. Bai kuma taɓa cewa shi ya ba ni shawarar ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba, amma mun yi watanni hirarmu ba ta wuce ta cefane. Na rubuta takardar neman a sauke ni daga ofishin. Iya ta gan ta a kan tabarma, ta sa Sadiya ta karanta mata, ke Sadiya ba za ki tuna ba, kina aji uku na firamare.

"Yaga ta," in ji Iya. "In kin tashi, wata za a sa wadda ba ta taɓa ƙonewa ba, ta koya a kan 'yar wani. Ke kin riga kin koya. Koma ki zauna."

Na koma. Sai da aka yaye duk 'yan ajin da suka san labarin kafin wata yarinya ta sake yarda ta zauna a kujerar nan don kanta. Daga baya na nemi izini na yi karatun aikin sosai. A can na koyi cewa akwai sirrin da dole a fitar, in rai na cikin haɗari, amma a gaya wa yaron tukuna, kuma a kai wa mutum ɗaya da zai iya taimako. Na koyi cewa ba a rantsuwa, ana faɗa wa yaro iyakar abin da za a iya riƙewa tun kafin ya buɗe baki. Na ga yara da yawa bayan nan: wadda aka sace wa mahaifinta shanu ya kwanta ciwo, wadda ke jan gashinta in jarrabawa ta matso, wadda ba ta gani sosai aka yi shekaru ana ce mata daƙiƙiya. Wasu na taimaka musu, wasu ban iya ba. Kun sha yi mini ƙorafi cewa ina dawowa gida fuska a ɗaure, a tambaye ni in ce ba komai. Nasiru ya taɓa cewa 'ya'yan mutane sun fi ku sanin muryata. Yana da gaskiya, kuma ku yafe mini. Tun ranar Juma'ar nan ban sake kawo maganar ofis tsakar gida ba.

Bayan na ajiye aiki da wata biyu na ce muku zan je biki a Doguwa. Babu wani biki. Na yi tambaya har na samu ƙauyen, bayan an wuce daji, a gindin duwatsu. Na same ta tana sussukar masara a ƙofar gida, mace mai kusan shekara arba'in, ta yi aure, 'ya'yanta biyar. Ta gane ni tun daga nesa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa da fura, ta tsuguna ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ba zan iya shan furar ba sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na roƙe ta gafara, ban kawo wani uzuri ba.

"Na yafe miki, Malama, tun da daɗewa. Ni ma ina neman wanda zai yafe mini." Ta ci gaba da murza masara a hannunta. "Inna ta rasu shekara shida ke nan. Na je jinya, na yi kwana arba'in a kanta. Tana karɓar ruwa a hannuna. Amma har ta cika ba ta kira sunana ba."

Muna zaune sai wata budurwa ta shigo da kayan makaranta, doguwa, mai irin goshin Saudatu. Ta durƙusa ta gaishe ni ta wuce ciki. Saudatu ta ce babbar 'yarta ce, tana aji biyar na sakandare, ita ma lissafi take so. Na yi murna, na sa mata albarka. Sai bakina na malama ya riga ni, na tambaya ko akwai mai ba da shawara a makarantarsu.

"Akwai," ta ce. "An ce mutumiyar kirki ce, ta yi karatun abin. Na dai gaya wa yarinyar tun ranar da ta shiga, ko me ya same ta, kada ta taka ofishin nan."

Na buɗe baki zan ce mata yanzu an samu canji, akwai ƙa'ida, akwai horo, yarinya na iya shiga wani hali ta rasa wanda za ta gaya wa. Duk gaskiya ne, kuma na shekara ashirin ina faɗa wa iyaye haka suna yarda. Na dubi matar nan na ga ba ni da bakin faɗa mata. Na sha furar, na yi sallama, ta rako ni har bakin hanya ta tsayar mini da mai babur.